Kwabon Cibiya

Kowa da abin da yake ɗauke masa hankali. Wasu tattabaru, wasu ƙwallo, wasu gardamar siyasa a bakin shagon mai shayi. Malam Datti, malamin Islamiyya a cikin garin Gaya, shi tsofaffin kuɗin ƙarfe ne suka kama shi, irin na zamanin Turawa masu huda a tsakiya, su anini da ɗari da kwabo. Ba masu kyau yake saye ba, albashin Islamiyya bai kai nan ba. Waɗanda suka goge sumul yake bi, waɗanda 'yan koli a kasuwar Ajingi ke zubawa a gindin faranti tare da tsofaffin makullai, in ka iya fara'a ma har a ƙara maka gyara.

A waya ya koyi dabarar. Wurin da aka buga lambar shekara a jikin kwabo, ƙarfensa ya fi sauran matsewa, ko da ido ya daina ganin komai. Idan ka ɗiga masa wani ruwa mai launin shayi, wanda Datti ya samo wajen wani mai gyaran rediyo a Kano, sai ruwan ya ci gefe da gefe ya bar lambar, ta taso a hankali kamar rubutun allon da aka wanke bai fita duka ba. Ranar da ya fara gani da idonsa, kabbara ya yi shi kaɗai a tsakar gida har kaji suka watse.

Amma abin yana da tasa ɓarnar, kuma ya san da ita sarai. Duk inda ruwan ya taɓa, wurin yakan dushe ya yi toka-toka, ya yi kaushi. Shekara za ta fito, santsin kuma ya tafi ke nan.

Matarsa Bilki ba ta taɓa hana shi ba, dariya kawai take masa.

"Malam, mazan mutane na can suna neman kuɗin cefane, kai kana nan kana tambayar matattun kuɗi shekarunsu."

"Ilimi ne, Bilki."

"To Allah Ya sa mu ga ranar da za a dafa shi."

Da cikinta na fari ya tsufa, aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta a Ajingi goyon ciki, kamar yadda aka saba. Gidan mutanen Barno ne da suka daɗe da zama a nan, har Barbarcin ya rage a bakin tsofaffi kawai. Datti yakan hau mashin ɗinsa ranar kasuwa ya je ya duba ta. Gaban surukinsa Malam Umara da surukarsa Zara, durƙusawa yake ya gaishe su kansa a ƙasa, ya yi maza ya tashi. Ɗaki ɗaya ne a gidan yake iya miƙe ƙafa ya sha iska, ɗakin Ya Falmata, kakar Bilki.

Ya Falmata ungozoma ce. Rabin unguwar a hannunta suka faɗo, har da masu gemu yanzu. Yanar tsufa ta rufe mata ido, ba ta ganin mutum sai inuwarsa, amma takun Datti ta sani tun daga zaure.

"Ga angona nan, mai tafiya kamar ana binsa. Me ka kawo mini? Ko duk ka ƙarar wa waccan mai tumbin?"

"Amarya, ai ke ce ta gaban goshi. Ga goro."

"Ɗan wannan? Allah Ya isa sadakina."

Wata ranar kasuwa yana zaune tana haɗa turaren wuta, ya ciro abin da ya tsinto wajen 'yan koli yana karkaɗawa a tafin hannu. Ta kasa kunne.

"Wannan ƙarar kwabon da ce. Me kake yi da su?"

Ya yi mata bayani sama-sama, ya ce tara su yake yi. Maganar ruwan bai kawo ba. Tsohuwa ta kwance haɓar zaninta ta miƙo masa wani abu.

"To ga uwarsu."

Kwabo ne fari, mai huda, amma Datti bai taɓa riƙe irinsa ba. Ba tauraro, ba rubutun Boko, rubutun Larabcin ma da ke kewaye da hudar sai ka karkata shi a haske kafin ka ga alamarsa. Santsinsa kamar na cikin tsohon ludayi, ga ɗumin jikin tsohuwar a tare da shi.

"Kwabon cibiya ke nan," in ji ta. "Da shi uwata ta zo daga gabas. In cibiyar jariri ta faɗi, wurin ya bushe, sai in shafa masa man kaɗe in ɗora in ɗaure da tsumma, don kada ta turo. Ya kwana a kan cibiyar Umara. Ya kwana a kan ta matarka. Saura ɗanka."

Da mai hankali ne da ya yaba ya mayar. Amma zuciyar Datti ta riga ta tafi ƙasan hudar nan, daidai inda ya san shekara take kwance. Kwabon da ya zo daga Barno a haɓar zanin uwar wannan tsohuwa, Allah kaɗai Ya san tsufansa. Ya ce ta ara masa, yana da gilashi irin na masu gyaran agogo a gida, so yake ya duba shi da kyau.

"Duba kawai?"

"Duba kawai, Ya."

"Ɗauka. Amma ka dawo mini da shi kafin kishiyata ta sauka, in ba haka ba ka sake ni."

Ya duba ɗin kuwa, ba ƙarya ya yi ba a nan. Ya duba da gilashi, ya duba da fitilar waya, ya shafa toka ya hure. Ba komai. Ya ajiye shi a kan taga, ya je makaranta ya dawo, ya sake ɗauka. Gidan ba Bilki, ba wanda zai ce masa Malam me kake shirin yi. Ranar Alhamis da hantsi, ba karatu, ya ce wa kansa ɗigo ɗaya tak, da bakin tsinken sakace, kuma da lambar ta leƙo zai tsoma shi a ruwa. Mutum in yana son abu ba ya rasa fatawar da zai ba kansa, balle malami.

Ɗigon farko bai yi komai ba. Ya ƙara na biyu. A na uku ne ta fara tasowa, ɗaya, tara, ɗaya, bakwai. Alif ɗari tara da sha bakwai. Duk cikin gwangwanin da yake tara su babu wanda ya kai wannan. Ya ɗauki hoto, ya tura wa abokan harkarsa a waya, nan da nan saƙonni suka yi ta shigowa, wannan ya ce ma sha Allah, wancan ya ce Malam ka zama gwani.

Sai da ya ɗauraye kwabon ya goge shi da gefen riga, ya ɗora babban yatsansa a wurin, sannan daɗin ya gudu. Kaushi ne kamar harshen kyanwa.

Ya dirje shi da toka. Ya goga a kan fatar takalmi. Ya sa man goge baki, ya sa tsumma. Tabon yana nan, lambar ma sai ƙara fitowa take. Daga ƙarshe ya shafe shi da man kaɗe, ya ji yatsa yana zamewa, ya ce ai shi ke nan, dama ita ma da mai take amfani da shi. Wannan ita ce fatawa ta biyu.

Da ya mayar, ya tarar da ita hannu dumu-dumu cikin haɗin turare. Ta ce ya ɗaure mata a haɓar zanin da kansa. Ya ɗaure, ya ji wani sanyi a ransa ganin ba ta taɓa kwabon ba, kuma ya ji kunyar wannan sanyin.

"Me gilashin ya gaya maka?"

"Tsoho ne sosai, Ya."

"Sai da ka kai shi Gaya ka san haka? Malaman zamani!"

Bilki ta sauka lafiya, mace. Ya Falmata ce ta karɓe ta, da yake abin ya zo da sauri ba a kai ga asibiti ba. Aka yi suna, yarinya ta ci sunan Haulat. Datti ya koma Gaya yana tafe yana murmushi shi kaɗai a kan mashin, maganar kwabo kuwa ya tura ta can bayan zuciya inda ba ya leƙawa.

Yana cikin aji wayar Bilki ta shigo. Ya ji kukan jaririya tun kafin ta yi magana. Ta ce Haulat ta ƙi nono, ta ƙi barci, da aka kwance tsumman cikinta sai aka tarar da gefen cibiyar ya yi jawur ya saluɓe. Suna asibiti.

Kafin ya isa Ajingi an wanke wurin, an shafa magani, an ce ba mai zurfi ba ne, zai warke. Amma an yi abin da ya fi ciwon. Ma'aikaciyar da ta duba yarinyar ta tambayi wa ya ɗaura mata ƙarfe a ciki, aka nuna tsohuwa. A gaban matan da ke layi ta ce, "Iya, kin tsufa, idonki ba ya gani. Ki bar 'ya'yan mutane haka." Ba ta faɗa da mugunta ba, aikinta take yi. Sai dai layin nan cike yake da matan Ajingi, kuma kafin la'asar magana ta zaga unguwa.

Datti ya tsaya a ƙofar ɗakin Ya Falmata ya yi sallama. Ba turare, kaskon a kife.

"Shigo," ta ce. Ba angona, ba komai.

Tana zaune ta ɗora hannayenta a cinya, tafin a sama.

"Ka yi haƙuri, na ji wa 'yarka ciwo. Ban san me na yi ba. Yadda na saba haka na yi. Ko na matse ne, ko farcena ne, ban sani ba. Ruwan zafin jego ya cinye mini yatsu, ba na jin komai da su. Da ina cewa ido ne kawai ya tafi, ashe hannun ma ya bi shi."

Nan ne wurin magana. Allah Ya buɗe masa ƙofa har bango. Datti ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Ya. Ƙaddara ce."

Ƙaddara! Shi da yake koya wa yara cewa ba a fakewa da ita.

Haulat ta warke, ɗan tabo ne kawai ya rage. Tsohuwar ce ba ta warke ba. Da 'yar Hanne, maƙwabciyarsu, ta fara naƙuda, ba a aiko gidan ba, alhali ita Hannen kanta a hannun Ya Falmata aka haife ta. Wankan Bilki ma Zara ce ta karɓa, domin tsohuwar ta ce kada a ba ta jaririya, tana tsoron hannunta. In an miƙo mata Haulat sai ta sunkuya ta shinshina kanta kawai, hannayenta a bayanta.

Datti ya rage zuwa. In ya je ya kasa zama, in ya zauna a Gaya ya kasa cin abinci. Ya goge hoton daga wayarsa, kamar hoton ne ya yi laifin. Kwalbar ruwan ma ya tona rami a bayan gida ya binne. Duk wannan bai rage masa komai ba. Laifin yana nan zaune a ƙirjinsa, kuma kullum ya yi shiru sai ya ƙara nauyi, domin yanzu ba ɓata kwabo ne kaɗai ba, har da barin tsohuwa tana zagin hannunta a kan abin da nasa ya yi.

Ana gab da gama wanka ya je, Bilki ta same shi a zaure da Haulat a kafaɗa. Ta gaishe shi, sannan ta ce ba tare da ta dube shi ba,

"Malam, ni na kwance tsumman ranar nan. Ni na ɗauke kwabon."

Ta gyara wa Haulat kwanciya a kafaɗarta, ta ci gaba,

"Tun ina yarinya nake wasa da kwabon Ya. Ban taɓa ganin lamba a jikinsa ba."

"Bilki..."

"Ban gaya wa kowa ba. Mijina ne kai, ba zan tsaya a tsakar gidanmu in tona ka ba. Ina ta jira ka faɗa da kanka, har na gaji. Jiya ta ce a raba tsummokaranta da rezarta, ta gama. Ni dai ba zan koma Gaya in bar ta a haka ba."

Ta juya ta shiga ciki. Ya cire takalmansa ya nufi ɗakin tsohuwar.

Bai zauna a kan tabarma ba, a ƙasa ya durƙusa. Ya faɗa mata duka, da ruwan, da tsinken, da man da ya shafa don ya rufe, da daɗin da ya ji ranar da ba ta taɓa kwabon ba. Bai tsallake komai ba. Ya Falmata ba ta katse shi ba. Da ya gama ta kwance haɓar zaninta.

"Nuna mini wurin."

Ya kama yatsanta ya ɗora. Ta shafa, ta sake shafawa, ta girgiza kai. Sai ta ɗaga kwabon ta goga shi a hankali a leɓenta na ƙasa. Nan take ta tsaya.

"Ashe ba ni ba ce," ta ce, can ƙasa. Ta maimaita. Hawaye ya gangaro daga idanun nan masu yana, ba ta share ba.

"Ki yafe mini, Ya."

"Me ka gani a jiki?"

"Shekarar da aka buga shi. Alif ɗari tara da sha bakwai."

"To. Ka sani yanzu. Me ta ƙara maka?"

Ta juya kwabon a tafin hannunta.

"Uwata ta ce lokacin da ya zo hannunta yana da zane, sai ta naɗe shi a auduga kafin ta ɗora wa yaro. Cikin jarirai ne ya cinye zanen, da haɓar zani, da hannunta, da nawa. Mu muna murna yana gogewa, kai kana ganin ɓata ya yi. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka."

"Zan nemo miki wani. Ina da masu santsi da yawa."

"Waɗanda suka goge a aljihun mahauta da 'yan caca? Bar su a gwangwaninka." Ta miƙo masa kwabon. "Riƙe. Wannan ya koma kuɗi, ba ni da abin yi da shi. Na yafe maka ciwon yarinya, tunda ba da nufi ka yi ba. Shirun nan naka kuwa, ka ba ni lokaci. Kuma ba ni kaɗai za ka gaya wa ba. A gaban mutane aka ce hannuna ya mutu."

Haka aka yi. Malam Datti, wanda bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba, ya tsaya a tsakar gida gaban Zara da Hanne da wasu mata biyu da suka shigo barka, ya sake faɗa daga farko. Zara ta rufe baki da mayafi. Hanne ta yi salati ta ce, "Kwabo dai? Malam guda?" Ya so ƙasa ta tsage. Kafin ya kai bakin zaure ya ji tsohuwar daga ɗaki tana cewa a kawo mata Haulat, ya waiwaya ya ga Bilki ta sa mata ita a hannu.

Ya durƙusa daga ƙofa ya ce zai tafi.

"Ka gaida gida, Malam Datti," in ji Ya Falmata.

Tunda ya auri Bilki ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya fi son ta zage shi.

Bilki ta dawo Gaya da yarinyarta. An ci gaba da kiran tsohuwar wajen haihuwa jefi-jefi, ba kamar da ba, domin ba duk wanda ya ji maganar asibiti ne ya ji ta tsakar gida ba. Kwabo kuwa ba ta ƙara ɗora wa kowa ba. Gwangwanin Datti yana can saman kwaba ya yi ƙura, ranar kasuwa in ya zo wajen 'yan koli sai ya kawar da kai.

Ɗaya ne kawai yake yawo da shi, a aljihun gefe. Yana aji yara na biya karatu, yana jiran sallah, yana zaune a zaure Haulat na rarrafe a gabansa, hannunsa na dama na cikin aljihu, babban yatsa yana kai da kawowa a wuri ɗaya. Har yatsan ya yi kanta. Duk sanda ya je Ajingi yakan kai goro mai yawa, ya saurara ko za a ce ga angona nan, sai dai a ce masa sannu da zuwa Malam Datti. In ya hau mashin zai dawo sai ya ciro kwabon ya karkata shi a rana ya duba. Lambar tana nan raɗau, ko ɗaya ba ta dushe ba.